Wai doka ba ta iya canza ɗan Adam? Ni dai ban yarda ba

Duk ranar da gwamnati ta fito da wata sabuwar doka, ko ta hana kaza ko ta tilasta kaza, kafin la'asar za ka ji mutane sun rabu gida biyu a majalisa da teburin mai shayi da Facebook. Wasu su ce ai dama mutanenmu ba sa jin magana sai da bulala, a sa soja kawai ya zane mutum biyu uku kowa zai shiga taitayinsa. Wasu kuma su ce ɓata lokaci ne, hali zanen dutse, in dai ba zuciya aka gyara ba ko doka dubu za a yi a banza. Gaskiya duka ɓangarorin nan biyu haushi suke ba ni, saboda kowannensu talaka yake ɗora wa laifi ya wanke masu yin dokar tas. Ni abin da na yarda da shi shi ne doka tana canza halin mutane, sosai ma kuwa, har wadda aka yi aka watsar ba a aiki da ita tana canzawa, sai dai ita wannan ɓata mutane take yi, kuma mu a ƙasar nan irinta ce ta fi yawa.

Mai cewa doka ba ta canza komai ya nemi wani dattijon direba ya tambaye shi abin da ya faru ran 2 ga Afrilu 1972. Kafin ranar a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya irin na Ingila, gwamnatin Gowon ta ce kowa ya koma dama yadda maƙwabtanmu su Nijar da Kamaru da Chadi suke yi, direban da ya shekara ashirin hannunsa ya saba da abu guda aka wayi gari ya juya. Wata tara bayan nan, 1 ga Janairu 1973, fam da sule suka tafi naira da kwabo suka zo. Babu wanda ya zauna jiran a gyara masa zuciya tukuna. Na san za a ce ai wannan mai sauƙi ce tunda wanda ya ƙi bi da tirela zai yi karo. Ƙwarai kuwa, abin da nake son a gane kenan, hukuncinta nan take yake zuwa kuma tirela ba ta tambayar ɗan gidan waye kai.

To mu zo kan babur, don a nan ne abin ya fi fitowa fili. Ran 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano ga mai babur da wanda ya goya. A takarda babu mai hankalin da zai ce dokar ba ta da kyau, duk wanda ya taɓa leƙa ɓangaren 'yan haɗari a asibitin Murtala ya san abin da kwalta take yi wa kan mutum. Amma me ya faru? Hular ta yi tashin gwauron zabo a kasuwa, ɗan acaɓa kuma biyu ake so ya saya, tasa da ta fasinja, shi kuma fasinjan ya ce wallahi ba zai kifa hular da mutum hamsin suka yi gumi a cikinta ba, wannan na tsoron ƙwarƙwata da makero, wancan na tsoron a yi masa asiri a ciki ya farka a wani daji, ga mace da ɗaurin ɗankwalinta ga dattijo da rawaninsa, babu wanda ya zauna ya yi tunanin ya za a yi da su. Sai ga 'yan acaɓa da ƙwarya a ka an ɗaure da igiya, wasu da robar fenti, har kafafen labaran duniya suka ɗauka. Aka yi kame na ɗan lokaci, aka kwashe babura, aka ci tara, daga nan kuma shiru kake ji. Yau ka tsaya a kowace danja a Kano ko Katsina ko Sakkwato ka ƙirga masu hular kwano.

Shekara huɗu bayan haka, a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyon fasinja a babur a cikin birni. Wannan dokar ta fi ta hula zafi nesa ba kusa ba, don sana'ar dubban magidanta aka taɓa, kuma acaɓa a lokacin ta zama jinin jikin garin, kasuwa, makaranta, asibiti, duk ita ce. Amma ta zauna. Mutanen Kano dai su ne, ba a sauko da wasu daga sama ba, mutanen da suka kifa ƙwarya a ka a 2009 su ne suka haƙura da acaɓa a 2013. Abin da ya bambanta, kowa ya ga dalilin da idonsa don lokacin a kan babur 'yan bindiga suke zuwa su harbe mutum su wuce, sannan jami'an tsaro suna kan titi dare da rana wata da watanni ba kamen sati biyu ba ne, kuma babba a ciki a wajena, akwai inda za a koma. A Daidaita Sahu tana nan tun zamanin Shekarau, wajen 2005 aka kawo ta don ɗaukar mata, kuma a lokacin ma Hisba ta yi ƙoƙarin hana mata hawa acaɓa abin bai ɗore ba saboda masu ƙafa ukun ba su wadata ba, matar da yaronta ke fama da zazzaɓi ba za ta tsaya awa guda a rana tana jiran abin hawa ba alhali ga babur a gabanta. A 2013 kuwa ɗan acaɓa ya sayar da babur ɗinsa ya karɓi mai ƙafa uku yana kai wa mai ita kuɗin yini, fasinja ya samu inuwa, kowa ya samu mafita. Yanzu duk da ana samun masu satar hanya a gefen gari, akwai samari a Kano da suka tashi ba su san acaɓa a matsayin abin hawan yau da kullum ba, kuma mata da yawa da suka hau ta shekara da shekaru in ka ce su hau yau za su ce maka abin kunya ne. Wannan in ba canjin hali ba ne to mene ne?

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai. Tun 2003 ake tilasta ɗaura bel a mota. Ka shiga motar haya daga tasha, ku biyu an matse ku a kujerar gaba, huɗu a baya. Ana cikin tafiya motar da ke tahowa ta ƙyafta wa direbanku fitila, shikenan ya gane akwai masu kaki a gaba. Sai ka ga ya miƙa hannu ya jawo bel ɗin ya ratayo shi a ƙirji, ba zai maƙala ba don maƙalin ya mutu tun shekarun baya, sai ya danne bakin da cinyarsa, ya juyo ya ce da na kusa da ƙofa, Alhaji dan Allah ɗan ja naka ka riƙe. Ya zaro ɗari biyu daga aljihun gaba ya ninke ta ƙanƙanuwa ya saka a tafin hannu. A shingen ba a ko tsaya sosai ba, hannu ya fita ta taga ya dawo babu komai, an ce Allah ya kiyaye hanya, ko mita ɗari ba a yi ba ya ɗaga cinya bel ya koma inda ya fito. Babu wanda ya yi magana a motar don ba wanda ya ga abin mamaki. To a kujerar baya akwai yaro ɗan shekara goma a kan cinyar babarsa yana kallo tun daga farko har ƙarshe, kuma an koya masa darasi wanda ya fi na makaranta shiga kai, cewa bel don mai kaki ake sa shi ba don ranka ba, kuma doka abu ce da ake cinikinta, tana da farashi, farashin ma ba yawa. Wannan yaron shi ne zai shiga ɗakin jarrabawa ya haɗa kuɗi a ba mai sa ido, shi ne zai tsallake layi a asibiti saboda ya san wani a ciki, shi ne ranar zaɓe zai miƙa hannu ya karɓi taliya da sabulu, in kuma Allah ya ba shi kujera sai mu taru muna cewa ba shi da tarbiyya. Mu muka ba shi tarbiyyar, a bakin shinge. Shi ya sa nake cewa gara ba a yi doka ba sam da a yi ta a bar ta a haka, domin kowace matacciyar doka tana rage wa masu rai kwarjini.

Masu son bulala kullum WAI suke kawowa, wato shirin yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin soja. Eh, a 1984 zamanin Buhari da Idiagbon mutane sun bi layi a tasha da banki, ma'aikaci ya yi sammakon ofis don kar a sa shi tsallen kwaɗo a gaban na ƙasa da shi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma da Babangida ya kifar da gwamnatin a Agustan 1985 ina layin ya tafi? Ya bi sojan da ke tsaye a kansa. Abin da ya yi saura shi ne tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, ita ma a yawancin unguwanni abin da ya rage a cikinta zaman gida ne daga bakwai zuwa goma, samari su kafa duwatsu su buga ƙwallo a kan titi, kwata kuma tana nan cike da ledar fiya wata. A wancan zamanin ne dai aka yi doka mai lamba 20 ta 1984 da ta sa hukuncin kisa kan safarar miyagun ƙwayoyi, aka harbe mutum uku a Legas a Afrilun 1985. Babu hukuncin da ya wuce wannan a duniya. Amma zuwa 1989 sai da aka kafa hukuma sukutum, NDLEA, saboda abin bai tsaya ba, kuma binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar nan cikin shekara guda. Mai aikata laifi ba ya zama ya lissafa shekara nawa dokar ta tanada, lissafinsa biyu ne, za a kama ni kuwa, in an kama ni akwai wanda zai buga waya a sake ni. Tarar naira dubu biyar da ka tabbata sai ka biya ta fi ɗaurin shekara goma da ka san ba za a yi maka ba tasiri, amma 'yan majalisarmu ƙara shekarun suka fi so saboda shi ne ke shiga labarai kuma ba ya cin ko kwabo.

Ɗaya ɓangaren, masu cewa sai an gyara zuciya, suna da hujja mai ƙarfi kuma ina girmama ta. Giya ba dare ɗaya aka haramta ta ba, an fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, aka zo kar a kusanci sallah cikin maye, sannan hani na ƙarshe ya sauka a Suratul Ma'ida, mutanen Madina suka kwarar da abin da ke tulunansu a kan hanya ba tare da an bi su gida gida ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi magana mai ma'anar cewa da farkon abin da ya sauka shi ne kar ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu taɓa bari ba. Amurka kuwa da duk ƙarfinta ta hana sayar da giya a 1920, zuwa 1933 ta janye da kanta bayan 'yan fasa-ƙwauri sun yi kuɗi sun yi ƙarfi. Duk na yarda. Inda nake rabuwa da su shi ne a rabin hanya suke tsayawa, ai bayan an gyara zuciyar dokar ta zo, da hukuncinta, ba a ce tunda sun yi imani a ƙyale kowa da zuciyarsa ba. Ga kuma maganar da malamai ke dangantawa ga Sayyidina Usman cewa Allah yana hana mutane ta hanyar mai mulki abin da ba su hanu ba ta hanyar Alƙur'ani. Sannan ni ba na buƙatar direban tanka ya ƙaunace ni a zuciyarsa, birki nake so motarsa ta kasance da shi, ko don tsoron Allah ya gyara ko don tsoron tara, ni dai 'ya'yana su tsallaka titi lafiya. Kuma sau da yawa ma jiki ne yake fara sabawa zuciya ta biyo baya, yaro ɗan shekara bakwai ana umartar sa da sallah tun bai san ma'anar Fatiha ba, a hankali ta zama abin da ba ya iya barci sai ya yi. Maganar sai an gyara zuciya gaskiya ce, amma a bakin mai mulki takan zama hanyar gudun aiki, kwamishinan da bai samar da motar kwashe shara ba sai ya hau rediyo yana cewa jama'a su ji tsoron Allah su daina zuba shara a kwata.

Ga kuma maganar shafaffu da mai, wadda ita ce take kashe doka tun tana jaririya. Kowa ya san ƙissar matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata aka turo Usama ya nema mata alfarma, Manzon Allah (SAW) ya yi fushi ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne in babba ya yi sata sai su ƙyale shi in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi, ya kuma yi rantsuwa cewa ko 'yarsa Fatima ce hukuncin ɗaya ne. Lokacin da Zamfara ta fara aiki da Shari'a a Janairun 2000 jihohi goma sha ɗaya suka bi baya, talakawa sun yi tururuwa suna kabbara suna hawaye, kuma wanda ya san mutanen nan ya san abin da suke wa murna, gani suke ranar da za a tsayar da talaka da mai mulki a gaban alƙali kafaɗa da kafaɗa ta zo. A Maris ɗin shekarar aka yanke hannun wani mutumin Jangebe kan satar saniya. Aka zuba ido a ga ranar da za a kawo wanda ya cinye kuɗin takin manoma ko na maganin asibiti, ranar ba ta zo ba. An rufe gidajen giya da na caca da yawa, wannan an yi kuma ya yi amfani, amma abin da jama'a suka fito dominsa ba su samu ba, kuma laifin ba na Shari'a ba ne, na waɗanda suka ɗauki ɓangaren da ba zai taɓa su ba suka ajiye sauran ne. Haka dokar liƙi, tun 2007 dokar Babban Banki ta ce wanda ya wulaƙanta naira ɗaurin wata shida ne ko tarar naira 50,000, aka yi shekaru ba a waiwaye ta ba sai daga baya EFCC ta fara gurfanar da wasu sanannu a soshiyal midiya, alhali bidiyon bikin 'ya'yan manya suna yawo a wayar kowa ana tattaka kuɗi har idon sawu. Mai kiɗan ƙwarya a unguwa ta ga wannan, ka ce mata ta ji tsoron doka?

Sai dokar da take faɗa da ciki, ita kam ba ta taɓa cin nasara. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kwastam suka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya da Illela da Maigatari da ba su ji ba ba su gani ba suka sha wahalar da ba ta misaltuwa, amma jarkoki ba su daina tsallakawa Maraɗi da Ƙonni ta cikin daji ba, saboda muddin lita tana da arha a nan tana da tsada a can, yaron da ba shi da aikin yi zai ɗaure jarka takwas a babur ya yi kasada da ransa. Da aka cire tallafi ran 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ribar ta ragu, harkar ta ja baya da kanta ba tare da an ƙara shinge ko ɗaya ba. Ba yabon cire tallafin nake ba, mun san irin ukubar da ya jefa mutane, abin da nake nunawa shi ne tun farko lissafi ne yake tura yaran nan ba taurin kai ba. Maganar bara ma haka take. An hana ta a Kano zamanin Kwankwaso, aka sake hanawa a 2020 zamanin Ganduje, aka yi ta kwasar almajirai a mota ana mayar da su jihohinsu lokacin korona, yau ka fita danja ka gani. Yaro ɗan shekara bakwai da robarsa yunwa ce ta fito da shi, ka hana shi bara ba ka ba shi tuwo ba to me ka ce ya yi? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce uban da bai kai ɗansa makaranta ba za a fara yi masa gargaɗi, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan 5,000 ko wata biyu. Yara sama da miliyan 10 ba sa makaranta, iyayensu nawa za a ɗaure, a wane gidan yari, kuma in duk sun kawo yaran gobe da safe wane aji za a zuba su tunda wanda ake da shi yara fiye da ɗari ne a ƙasa da malami ɗaya?

Kar kuma a ɗauka duk dokar da ta canza hali ta zama mai kyau. Canjin kuɗi na farkon 2023 ya koya wa mai shayi da mai kayan miya da mai nama karɓar tiransifa cikin sati shida, abin da aka yi shekara goma ana talla ba a samu ba, kuma ya zauna, yau har mai rake yana da lambar Opay ko Moniepoint a rubuce a jikin baro. Amma mutane sun kwana a layin ATM, marasa lafiya sun rasa kuɗin magani alhali kuɗinsu na banki, manomi a ƙauyen da ko sabis babu ya karyar da buhun masararsa ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi, sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani ran 3 ga Maris. Ba zan taɓa cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba.

Dokar da nake sa wa ido yanzu, kuma nake mata fatan alheri da dukkan zuciyata, ita ce ta gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a Mayun 2024, wadda ta ce ba za a ɗaura aure ba sai an kawo takardar gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Ina ganin tana da damar zama saboda ba daga sama ta faɗo ba. Tun auren zawarawa da Hisba ta fara a 2012 ake yi wa ma'aurata gwaji, malamai sun yi shekaru suna magana a kan mumbari da rediyo, kuma kusan babu dangin da ba su taɓa jinyar ɗan sikila ba, ba su ga yadda yaro ke murƙususu da ciwon ƙashi cikin dare uwa na kuka uba na neman inda zai samo jini ba. Mutane sun fara gane cewa in mai rukunin jini AS ya auri mai AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato ɗan sikila. Ga shi kuma wurin tsare dokar ƙofa ɗaya ce da kowa sai ya bi ta cikinta, gaban liman. Ka ga an taru bayan Juma'a, waliyyai sun matso, an ajiye goro da alawa da dabino, kafin a fara siga liman ya miƙa hannu ya ce ina takardar asibiti, wakilin ango ya laluba aljihun babbar riga ya miƙa, liman ya gyara tabarau ya duba sannan ya ce a yi salati. Babu ɗan sanda a wurin, babu bulala. Kuma wani alherin da ba a cika faɗa ba, dokar ta cire wa mutane nauyi, da can uban yarinya yana jin kunyar ya ce wa ɗan amininsa ko ɗan ƙaninsa je ka yi gwaji, gani ake kamar zargi ne, zumunci na iya ɓaci a kai, yanzu kuwa sai ya ce wallahi ba ni ba ne, liman ne ba zai ɗaura ba. Mutane da yawa dama suna son yin abin da ya dace, abin jingina suke nema.

Amma ita ma tana iya mutuwa a hannunmu, kuma na san ta inda za ta mutu. In gwajin ya yi tsada talaka zai nemi takardar bogi, kuma za a samu ɗakin gwajin da zai buga masa AA a kan naira dubu biyu ba tare da an ɗebi jini ba. In aka bar gwajin sai saura sati biyu biki, an kai lefe an raba kati an yi kamu, ba kowace uwa ce za ta iya cewa a fasa ba, za a ce a bar wa Allah. Ya kamata kowane yaro ya san rukunin jininsa tun yana ƙaramar sakandare, kyauta, a rubuta masa a kati, ta yadda tun ranar da saurayi ya fara sallama a ƙofar gida za a san inda aka dosa kafin zuciya ta yi nisa. A sa gwajin ya zama kyauta ko kusa da kyauta a asibitocin unguwa, a ba limamai hanyar da za su tabbatar takardar ta gaske ce, limamin da ya ƙi ɗaura auren ɗan wani mai kuɗi saboda babu takarda a tsaya masa kar a bar shi shi kaɗai da kwamitin masallaci. Kuma ranar da aka kama ɗakin gwaji na farko da ya sayar da takardar bogi a rufe shi a faɗi sunansa a rediyo, ko da na ƙanin kwamishina ne.